Asabar Ɗin da Kowa Ya Soya Kaza

Lima, 3 ga Mayu

Zuwa ga matata Teodosia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama Saturnina, kumburin ƙafar ya sauka? Ki gaishe min da ita, ko da yake na san amsar da za ta bayar. Ni lafiya lau, sai kewarki da wanki da ya taru.

Albishirinki, tallafin gwamnati ya fito. Sol ɗari bakwai cif. Na yi layi a banki tun safe har rana ta take, na cusa su cikin safa, na hau tudunmu ina ɗingishi kamar mai ƙaya a ƙafa. Tun da kamfanin bas ya sallame mu wata biyar da suka wuce ban riƙe kuɗi irin wannan ba.

Ban manta da abin da kika faɗa a tasha ba. Kin kama min kunne gaban jama'a kika ce, "Fortunato, kwano. Ba rediyo ba, ba takalmi ba, kwanon rufi goma sha biyu." Na san ɗakin baya a buɗe yake ba rufi, na san likita ya ce a kawo Mama birni ƙarshen wata, kuma yayyafin sanyi ya kusa. Kuɗin sun isa kwano daidai, har da ƙusa.

Sai dai wata dabara ta zo min, kuma ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki fara faɗa. Shekara goma sha tara mahaifiyarki ba ta kira sunana ba, sai dai "karen motar nan". Ina so ta iso ta tarar da rufi, da ƙofa, da gado sabo, in ga me bakin zai ce. Don haka zan yi pollada ranar Asabar ta sama, bikin nan na soya kaza da kiɗa da ake sayar wa mutane katin faranti tun kafin ranar. Kaji ashirin da biyar daga wurin Doña Gregoria, kowace a raba huɗu, faranti ɗari ke nan da dankali da miyar barkono, kowane kati sol goma sha biyar. Ɗari bakwai ta zama dubu da ɗari biyar, ban da ribar giya. Kowa a tudu yana da kuɗi a hannu wannan makon, kuma ban gaya wa kowa sirrin ba, kada a riga ni.

Mijinki mai hangen nesa,
Fortunato

Lima, 10 ga Mayu

Teodosia tawa,

Ina fatan ke da Mama kun tashi lafiya. Wannan gajeriya ce, direban da zai kawo miki ita yana ta danna min ham.

Kati yana tafiya kamar ruwa. Tamanin sun fita cikin kwana uku, ba wanda ya ce min a'a. Akwai dai wani ɗan abu, ba na damuwa ba ne. Na fara da aminina, Kompadre Nicanor. Ya karɓi shida yana dariya, ya ce, "Kompadre, Allah ne ya kawo ka, ka hutar da ni hawan matakala." Sai ya sa hannu a aljihu. Na miƙa tafi ina jiran kuɗi, ya zuba min kati shida masu ruwan ɗorawa. Shi ma pollada zai yi, Asabar ɗin nan. Kin san al'ada, ba ni gishiri in ba ka manda, wanda ya karɓi naka ba ka da bakin ƙin nasa.

Haka aka yi a gidan tela, haka a gidan mai gyaran takalmi, haka a gidan 'yan biyu. Yanzu aljihuna cike yake da kati kala-kala. Amma mutanen waje za su zo, kiɗa zai jawo su. Ki kwantar da hankalinki.

Naki,
Fortunato

Lima, 24 ga Mayu

Zuwa ga Teodosia, uwar gidana,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Yaya Mama? Na ji an ce ta fara taka ƙafar, na gode wa Allah. Wasiƙarki ta iso, kuma ban taɓa ganin takarda mai faɗi haka da kalma uku kacal a tsakiya ba: "Fortunato, ina kwanona?" Tun da direba ya riga ya kai miki rabin labarin, bari ki ji sauran daga bakin mai shi.

Gida goma sha huɗu ne a layinmu. Goma sha uku suka yi pollada. Na goma sha huɗun gidan Doña Gregoria ne, mai sayar da kajin. Kowa ya yi irin tunanina, kowa ya ɓoye wa kowa. Ranar Asabar hayaƙi ya rufe tudu, kowane gida da lasifikarsa, ba mai jin kiɗan wani. Ba wanda ya yi rawa, ba wanda ya sha giya, don kowa yana tsaye bakin kaskonsa yana leƙen hanya. Sai ka ga mutum ya bar kazarsa a wuta, ya ruga da kati ya karɓo kazar maƙwabci, ya dawo ya tarar maƙwabcin yana jiran tasa. Matar tela ta ɗaga murya ta ce, "To mu wa muke ci wa riba, jama'a?" Kowa ya ci gaba da juya kazarsa.

Baƙon waje ɗaya na samu, direban tankar ruwa. Ya ci faranti uku ya biya. Abin da ya shigo hannuna ke nan, sol arba'in da biyar. Na wayi gari da farantin kaza kusan ɗari, tamanin na maƙwabta, sauran nawa da suka yi kwantai, ni kaɗai a gida. Na raba wa na saman tudu, na kai coci, na ci har na fara jin tsoron in yi cara. Karen Nicanor yanzu in ya gan ni da faranti sai ya shige ƙarƙashin mota. Garin neman ƙiba na samo rama.

Ranar Litinin na shiga ɗakin baya na ɗaga kai, sai sama. Yayyafi ya fara sauka a fuskata. Teo, na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ba kuɗin ba ne. Karon farko ke nan da kika bar min abu a hannu kika tafi, kuma tsohuwa marar lafiya ce za ta kwana a wurin.

Ina cikin haka na ji ana buga guduma. Na leƙa, sai ga Doña Gregoria tana sa a sauke mata tsohon rufi ana ɗora sabo, mai kauri, yana ƙyalli. Tallafin layinmu gaba ɗaya ya hau kan gidanta. Rediyo ta ce an ba da kuɗin ne don su zagaya, to sun zagaya. Na yi ta kai da kawo a ƙofarta har sau huɗu, kafin na cire hula na shiga na roƙe ta tsohon kwanon. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Don Fortunato, mai hangen nesa! Kwashe, ai da kuɗinka na sayi sabon. Amma ka gaya wa Teodosia don ita na bayar."

Da arba'in da biyar ɗin na sayi ƙusa da kwalta. Ranar Lahadi maza tara suka zo, ba wanda na kira. Na tambaye su me zan dafa musu, suka haɗa baki suka ce, "Komai, ban da kaza!" Nicanor ya toshe ramukan tsofaffin ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana zagina. Jiya an yini ana yayyafi, na ɗauki kujera na zauna a ɗakin tun safe har yamma ina kallon sama. Ko ɗigo bai sauko ba.

Ƙofa babu, labule na rataya. Gado sabo babu, namu na kai mata, ni da ke sai katifa a ƙasa, in kin yarda in kwana a cikin gida. Kwanon kuma kala uku ne, akwai mai tsatsa. In Mama ta yi niyyar riƙo min kazar ƙauye kamar yadda ta saba, don Allah ki hana.

Ku taho ranar da kuka sa, zan jira ku a tasha. Na san za ta ɗaga kai ta duba, ta ce aikin karen mota ne. Ki bar ta ta faɗa, kada ki tare min. A ƙarƙashin rufi za ta faɗe shi.

Mijinki,
Fortunato Huamaní