Hannun da Zai Gyara Injin

Narayanganj, Talata

Ƙanena Tanvir,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Na cusa takardar nan ƙarƙashin kwanon shinkafarka, don waya ba ta da sirri. Jiya 'yan daban manajan masana'antarmu suka tare Shefali, abokiyar ɗinkina, suka fasa mata baki da rodi, a kwata muka tsinci haƙoranta. Laifinta ta rubuta "yajin aiki" a manhajar ma'aikata. An ce kai aka sa ka gina abin da zai zaƙulo sauranmu. Sunana na ciki, Tanvir. Nono ɗaya muka sha, ko kwamfuta ta mantar da kai?

Yayarka,
Rokeya

Apa Rokeya,

Wa alaikumus salam. Ni ne, kuma da bindiga a kan tebur aka ba ni aikin. Yaren kwamfutar da manhajar ke aiki da shi bai iya neman tsarin kalmomi cikin rubutu ba, ni na koya masa. Ana ba shi tsari ya bi saƙonni yana gwadawa, in hanya ta toshe ya koma baya ya gwada wata. Na san maganin wannan komawa baya, da gangan ban sa ba. In aka yi ta maimaita harafi ɗaya, kowane ƙari ninka masa aiki yake yi har ya sandare. Ki ce kowace mace ta fara saƙonta da "Apaaaa", wato "yaya" a harshenmu, ta ja shi har layi ya cika. Ki ƙona wannan.

Ƙanenki,
Tanvir

Tanvir,

Sallama. Injinka ya shaƙe, suna ko ɗaya bai fito ba, mun yi yajin. 'Yan daban sun shigo mana da kulake, jini har kan matakala, amma dukan kan mai uwa da wabi suka yi, ba wadda aka bi gida. Sai dai na ga an jawo ka ta gashi, kwanonka kuma ya dawo ba a taɓa ba. Tsoro nake ji. Ka amsa ko da kalma ɗaya.

Rokeya

Apa,

Ina raye, da hagu nake rubutu. Sun sa hannuna na dama a bakin ƙofar ƙarfe, suka yi ta bugawa har yatsun suka karye. Sannan manaja ya ce in zauna in gyara injin. Na ɗaga masa hannun ya gani.

Gobe ki haɗo min da cokali.

Naki,
Tanvir