Naman da Ba Shi da Wurin Yanka

Tuleyar, Madagaskar

Assalamu alaikum Baba,

Ina fatan kuna lahiya, ku da Inna da su Zuhura da mutanen Karofane duka. Ya damina? Gero ya hidda kai?

Ni lahiya lau, karatu na tahiya. Wandona ne ya ɗan yi mini yawa, amma kada Inna ta ji.

Baba, tambaya gare ni. Masuntan da nike zaune gidansu kasuwa suke kai kihi, abu biyu ke shiga tukunyarsu. Guda 'yar dabba ce ta tsibirin nan, kamar bushiyarmu, sai dai ta hi ta dogon baki. Tana da maƙogwaro, amma buge ta suke, ba su yankawa. Gudan daga teku ake ciro shi: ɓawo biyu kamar ƙorai a kife, tsoka a ciki, ba kai ba ƙafa.

Ranar da anka fara kawo shi, na ɗauko wuƙata, na dubi alƙibla, na yi bisimilla, ina jujjuya shi ina neman inda zan yanka. Matar gidan ta yi dariya har da hawaye. Na aje shi ban ci ba.

Ku gani, mai maƙogwaro ba a yanka ta, wanda nike son yankawa ba shi da shi. Wata biyu ke nan shinkafa tsura nike ci.

Don Allah ku tambayo mini Malam Kamilu: abin teku da ba kihi ba, ba wurin yanka, ya halatta? In ya ce a ci, ku ari wayar maƙwabcinku Sufyanu ku kira ni da hantsinku. A nan wajenmu, lokacin ne ake sauke tukunya.

Allah shi ƙara girma.

Ɗanku,
Hafizu