Rabin Gidan Nan Na Mai Sunan Inna Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Filaye da Haraji na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gajiya, yaya iyali da fama da jama'a? Allah ya ƙara girma.

Ni tsoho ne manomi, ban yi boko ba. Bakina ke faɗa, limamin unguwarmu ke rubutawa, kuma na ce masa kada ya gyara min magana. Na yi ta sintiri ofishinku har mai gadi ya daina amsa sallamata, shi ya sa na fito fili.

Na farko. A shekarar da kuɗi suka ɓace a hannun mutane, ni da mai ɗakina muka sayi ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan kasuwa. Rabi da rabi muka biya. Ni na sayar da san huɗata guda, ita ta sayar da awakinta kaf ta haɗa da adashin daddawarta. Don Hansatu muka saya, 'yarta da ta shigo gidana da ita a goye, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Mai unguwa shaida ne, dillali ma yana raye.

Na biyu. Ranar yin takarda ma'aikacinku ya tambaye ni sunan wanda muka saya tare. Ranka ya daɗe, sunan mahaifiyata gare ta. Tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa furta shi ba, Mai Sunan Inna nake ce mata, duk garinmu an sani. Haka na gaya masa. Ya bushe da dariya ya ce Baba, ai wannan ba suna ba ne. Ofis cike da sa'o'in jikokina, kowa ya zuba min ido. Na ƙi faɗa, ya rubuta sunana ni kaɗai ya buga hatimi. Har gobe ban ga laifina ba. Shi ba uwa ce ta haife shi ba? Me ya hana shi tambayar mai unguwa, ga shi zaune a benci?

Na uku. Yanzu kun ce tunda ina da gidan gado, wannan gida na biyu ne, harajin saye ya ninka. Kun shafa jan fenti a ƙofa, kun ce in ban biya kafin girbi ba za ku garƙame. Ba zan biya ba. Ko da tsadar taki ba ta cinye mu ba, ba zan biya ba, don in na biya na yarda gidan nawa ne ni kaɗai. Ranar da aka kai ni makwanci 'ya'yana maza za su ɗauko takardarku su raba, Hansatu kuwa agola ce, ba ta gadona. Ni na haife su, na san halinsu.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci min rai. Mai ɗakina ta rasu a daminar bara. Kafin ta cika ta kama bakin rigata ta ce, Malam, an gyara? Na ce suna kan gyarawa, don abin da kuka gaya min ke nan. Tun daga ranar tambayar nan ba ta bar ni ba. Ina sunkuye ina noma sai in ji ta a bayana, in waiga, ba kowa sai dawa tana kaɗawa. In na ji ƙamshin daddawa a kasuwa sai in juya in bar wurin. Na daina bi ta hanyar maƙabarta, ina zagayawa ta rafi, don ban da amsar da zan ba ta.

Roƙona: ku sa sunanta a takarda, rabi nata. Ku auna min harajin rabina, zan biya ko da jakina zan sayar. Ku aiko a goge jan fentin nan, marayu sun fara tsoron ƙofar gidansu.

Kun ce sai da suna. To, ga liman ya ɗaga alƙalami yana jirana.

Rakiya. Sunanta Rakiya.

Na faɗa. Inna ta yafe min. Saura ku.

Allah ya yi maka jagora, ya raba ka da haƙƙin maraya da na mamaci, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ni ne,
Mijin Mai Sunan Inna