Cajar Sikelin Wake

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Baban Ummi? Mu lafiya lau, sai dai ruwa ya yanke hanyar Kunci, gero kuma ya rufe mu ta ko'ina.

Akwatin ajiyar nan da kika cika min da littattafan sauraro ya daina tashi. Fitilarsa sai ta yi ƙyaf-ƙyaf, cikinsa ya yi ƙas-ƙas, shi ke nan. Na sauya wayar da ake jona shi da ita, na hure bakinsa, har kuka na yi. Da maigidan ya dawo daga kasuwar Dawanau ya jona masa cajar sikelinsa, sai ga shi ya tashi. Ashe cajar akwatin ce ta mutu.

Na roƙa ya bar min, ya ce, "Amarya, da labari zan auna wake?" Asabar ya tafi da abarsa. Yanzu sai Juma'a in ya dawo nake saurare, ranar da gidan ke cika da baƙi. Kwana shida ke nan na bar wata baiwar Allah ta cikin labarin a tasha tana jiran mota, ni ma ina zaune.

Don Allah ki aiko min caja mai lamba sha biyu, irin ta sikelin, ta hannun direba. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Ummi.

Ƙanwarki,
Rabi