Shafin Ya Buɗe a Zauren Baba

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Kina lafiya? Ya maigida da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Kin tuna manhajarmu ta lokutan shuka, wadda kowa ke iya ɗauka ya gyara? Shafinta na intanet na cika shi da hotuna don burga. Sau nawa Baba yana cewa, "Sani, nuna min aikin nan naka," amma sabis ɗin Makoda ya kasa buɗe shi, har ya rasu.

Abokan aikina sun so a ƙara bidiyo, na ce wallahi a'a. Na sake gina shi da rubutu zalla, na wallafa. Jiya na gwada a zauren Baba, nan take ya buɗe. Na juya zan miƙa masa wayar, sai buzun sallarsa kawai na gani.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Sani