Na Ba 'Yan Fim Aron Makarar Garinmu

Assalamu alaikum Malam. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, raina ya gama ɓaci, kuma a garin nan babu wanda zan kai wa kukana bai taɓe baki ba.

Ni mai walda ne a wani ƙauye kusa da Dangora. Makarar da ake ɗaukar mamatanmu ni na ƙera ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, saboda Allah, kuma mabuɗin ɗakin da ake ajiye ta a gefen masallaci yana hannuna. Duk wanda ya rasu, ni ake fara aiko wa.

Bara bayan girbi, ɗan ƙanwata Mujitaba, da ke aiki da 'yan fim a Kano, ya zo da mutanensa ɗaukar wani fim na soyayya da barkwanci. Labarin wani saurayi ne da likita ya ce kwanansa sun kusa ƙarewa, shi kuwa maimakon ya kwanta yana kuka, sai ya tashi neman aure gadan-gadan. Akwai inda ya shiga makara ya lulluɓa don ya ga ko budurwar za ta yi masa kuka. Tana tsakiyar kukan atishawa ta kama shi, masu ɗauke da shi suka watse. Mujitaba ya roƙe ni in ara musu tamu. Na ga ai ƙarfe ne, babu kowa a ciki, na buɗe na ba su. Da hantsi suka yi abinsu a wata gona a bayan gari, kafin azahar na wanke ta na mayar.

Watan jiya fim ya fito. Abin da na manta shi ne, hannun makarar na dama ya taɓa karyewa, na ɗora shi da guntun ƙarfen garma, na shafa masa shuɗin fenti don koren ya ƙare. Wannan shuɗin hannun shi ya tona min asiri. Kwana biyu ba a yi ba gari ya ɗauka.

Malam, a ko'ina yaba fim ɗin ake yi. Mujitaba ya nuna min abin da masu kallo ke rubutawa. Wata mata daga Tudun Wada ta ce mijinta mai ciwon ƙoda bai yi dariya ba wata shida sai da ya kalle shi. Wani ya ce ya sa shi ya je ya shirya da ɗan'uwansa. Amma namu mutanen? Wai an yi wa mutuwa izgili, wai fim ɗin 'yan iska ne. Kai, munafunci dai bai yi ba! Mai tura finafinai a bakin kasuwa ya rantse min babu abin da ake nema a wurinsa kamarsa. Da idona na ga Salisu mai nama yana kallo yana dariya har da buga ƙafa, washegari shi ne kan gaba wajen tsine min a teburin mai shayi. Inna Kaltume, wadda ɗanta Isma'il ya rasu a haɗarin babur da damina, jikarta ce ta nuna mata, tun daga ranar ba ta amsa gaisuwata. To ni na ce a nuna mata?

Duk wannan da sauƙi. Yayana, Yaya Inuwa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon walda. Wata takwas ke nan yana kwance, jiki sai ƙara lalacewa yake yi. Shi ma an nuna masa. Matarsa ta faɗa min ya tara 'ya'yansa ya ce in ta Allah ta kasance kada a sa shi a makarar nan, a aro ta maƙwabtan ƙauye, kuma kada a bar ni in kama. Ni! Wallahi abin ya yi min ciwo. Gida biyu ne tsakaninmu, amma yau mako uku ban taka ƙofarsa ba.

Niyyata ranar Juma'a bayan salla in miƙe in jefa musu mabuɗinsu, in faɗa wa kowa abin da na sani a kansa. Ko akwai abin da ya fi wannan?

Naka,
Mai walda, daga yankin Kiru

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam mai walda. Mayar da mabuɗin nan aljihu tukuna.

Saboda wasiƙarka na nemi fim ɗin na kalla, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi dariya a wurin atishawar. Matar Tudun Wada ba ƙarya ta yi ba. Amma ni da ita ba mu da wanda ya fita daga gida a cikin makara mai shuɗin hannu. Inna Kaltume ba ra'ayinta a kan fim take faɗa maka ba. Makarar da aka ɗauki gawar ɗanta ta gani, ana wasa da ita ana shewa.

Ka ce ƙarfe ne. Kai ka ƙera ta, gaskiya, amma tun ranar da ta ɗauki mamaci na farko ta fita daga hannunka. Mabuɗin amana ce aka ba ka. Me ya hana ka tambayi liman ko dattawa kafin ka buɗe? Me ya sa aka kai ta bayan gari? Ina jin ka san amsar da za su ba ka tun a lokacin.

Mutanen garinku su ma ba su kyauta ba. Wanda ya shekara goma sha ɗaya yana barin aikinsa yana yi wa mamatansu hidima, kiran sa ake yi gefe a yi masa faɗa, ba a mayar da shi abin hira a teburin mai shayi ba. Masu dariya da rana su tsine da safe kuwa, bar su da halinsu. Salisu mai nama ba shi ne damuwarka ba, ka daina ɓuya a bayansa.

Damuwarka Yayanka. Ka cika takarda da kare fim, shi kuwa ka ba shi layi kaɗan, har ka ƙaurace wa mara lafiya mako uku. Haba Malam! Ka tsaya ka duba da idonsa. Mutum ne da yake kwance yana ganin wataƙila shi ne na gaba da zai shiga makarar nan, sai ya ga ƙanin da ya riƙe ya ba da ita an yi wasan dariya da ita. Maganar da ya yi ta mai jin zafi ce, kuma ta mai jin tsoro.

Ka tafi wurinsa yau. Ka durƙusa ka ce ka yi kuskure, kada ka ambaci masu yabon fim ko ɗaya. In ya juya maka baya, ka zauna ka yi masa fifita, gobe ka dawo. Daga nan ka sami wata dattijuwa ta raka ka wurin Inna Kaltume. Sai ka je wa liman da dattawa da mabuɗin, a zaure ba a tsakiyar jama'a ba, ka ba su haƙuri, ka nemi izinin ƙera sabuwar makara da hannunka. Tsohuwar da mabuɗin, su za su yanke abin da za a yi da su. Mujitaba kuma ka tambaye shi ko za a iya cire wurin, sai dai kada ka sa rai, abin ya riga ya shiga wayoyin mutane.

Amma kada ka ce sai ka gama walda za ka je gaishe shi. Ƙarfe zai jira ka mako guda, Yayanka kuwa ban sani ba.

Allah ya ba Malam Inuwa lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna Kaltume, ya sa sabuwar makarar ta daɗe ba ta ga ƙofar gidanku ba.