Keren Baba da na karɓa don wasa

Assalamu alaikum Inna Madina. Don Allah ki taimake ni da shawara, na shiga wani hali da na rasa wanda zan gaya wa. Wanda bai yi mini dariya ba, to zai zage ni. Ni malamin sakandare ne a Tambuwal, amma asalina mutumin Fakku ne, can ƙasar Kebbe. Sunayen da zan kawo duk na aro ne.

Akwai wani wasa da muke yi da abokaina kowace Asabar bayan La'asar, a zauren gidan da nake haya. Tun muna jami'a a Sakkwato muka koye shi. Ba caca ba ce, ko sisi ba a sawa. Mutum ɗaya ke jan labari, abokina Gazali ke nan, shi ke faɗin inda muke da abin da ya tunkaro mu. Sauranmu kowa yana da gwarzon da ya ƙirƙira da kansa a takarda. Za ka ba shi suna da asali da sana'a, ka raba masa maki tsakanin ƙarfi da zafin nama da kaifin ido da sauransu. In gwarzonka zai yi abu mai wuya sai ka jefa ɗan ludo, irin mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita ke nuna ko ya dace ko ya sha ƙasa. Na san wasu za su ce aikin banza ne ga masu gemu. Ni dai shi ke sauke mini gajiyar alli da jan biro.

Da za mu fara sabon labari cikin damina, na ce wannan karon mafarauci zan gina, mai yawon daji da kare, wanda ba ya riƙe baka da kibiya, jifa kawai yake yi. Gazali ya yi ta ba ni baki. Ya ce a dokar wasan mai jifa wahalalle ne. Mai baka zafin nama kawai yake buƙata, amma mai jifa dole ka raba makinsa biyu, ga ƙarfi ga saiti, kuma da zarar ya saki makaminsa hannunsa ya zama wayam, sai ya je ya ɗauko ana ta faɗa babu shi. Ya ce in na nace zai ba ni makamin sihiri wanda ke dawowa hannu da kansa. Na ƙi. Ban gaya masa dalili ba, amma mahaifina nake son ginawa.

Baba mafarauci ne da aka sani a yankinmu, abokan dajinsa Ɗangiwa suke ce masa. Bai taɓa son bindiga ba, da kere ya yi suna, wato guntun itacen nan mai lanƙwasasshen kai da ake jifan zomo da zabon daji da shi. Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, kuma ɓangaren dama ya taɓa, hannun jifan. Tun daga nan ya koma mutum mai shiru, magana sai ta zama dole. Yayana Lauwali shi ke noma gonar, shi ke yi masa wanka yana juya shi a shimfiɗa, shi ne kuma ya bi shi daji tun yana ƙarami. Ni boko aka sa ni. Ko ƙadangare ban taɓa samu da jifa ba.

Da na je gida hutu sai na zauna kusa da Baba na fara tambayoyi, don gwarzona ya fito daidai. Kere nawa mutum ke ɗauka, da wane itace ake sassaƙa shi, ta ina ake riƙewa, yaya ake saki. Inna, mutumin nan da ya daina magana sai ga shi ya buɗe. Ya sa aka ɗauko masa nasa, yana nuna mini da hannun hagu, kere na suɓucewa ina ɗauko masa. Ya ce ba a jifan zomo inda yake, sai inda za shi. Ya ce a tsarinsa mai jifa ba ya barin kerensa a daji ko da cikin sarƙaƙiya ya faɗa, kuma ba ya aiken kowa ya ɗauko masa. Ni kuwa sai murna nake a raina na samu abin da zan ƙure Gazali da shi.

Akwai abin da ban taɓa kula da shi ba, tunda ban tashi a cikin sana'ar ba. A gidanmu uba ba ya kiran ɗa ya koya masa farauta, ɗa ma ba ya cewa a koya masa. Ranar da ɗa ya zauna ya tambayi yadda ake riƙe kere, to ya nemi shiga ke nan. Haka Baba ya yi wa nasa uban, haka Yaya ya yi masa. Ranar da zan koma sai Baba ya sa aka tara mutanen gida, ya miƙo mini kerensa, wanda mariƙinsa ya yi baƙi da sulɓi saboda zufar hannunsa. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Na aza mutuwa za ni yi ba ka tambaye ni ba." Sannan ya ce in an gama girbi, farautar bana da ni za a fita, Lauwali zai sa ni a hanya. Na kalli Yaya. Kowa a gidan ya san shi ya cancanci itacen nan. Ya tashi ya je ba awaki dusa. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, na ga idon Baba, na rufe.

Na dawo Tambuwal da keren, nan kuma na ƙara taɓargaza. Abokaina suka ce in riƙa kawo shi wurin wasa don labarin ya yi armashi, na yarda. Gwarzon nawa ma sunan dajin Baba na sa masa, sunan da ban taɓa furtawa a gabansa ba. Wata Asabar Yaya ya ɗauro mini sabon gero a babur, bai yi waya ba. Ya yi sallama ya shigo daidai ina tsaye da keren a hannu, ina zuba kirarin Baba kafin in jefa ludo. Ludon ya ba da ɗaya, wato gwarzona ya kuskure, abokaina suka fashe da dariya suna cewa Ɗangiwa ya tsufa. Yaya ya kalli tabarmar da muke wasan a kai. Ya sauke buhun ya ce, "Ashe don wanga abu kat tambayi tsoho." Ya juya, ko ruwa bai sha ba.

Tun ranar in na kira shi sai ya miƙa wa matarsa wayar, ko ya kai wa Baba. Na san bai tona ni ba, domin duk lokacin da muka gaisa Baba na tambayata ko ina gwada hannuna. Matar Yaya ta ce yanzu har Baba yana yarda a kama shi ya taka zuwa ƙofar gida, wai yana so ya ga fitarmu. Ga shi an kusa gama girbi. Gazali ya ce in kashe gwarzon a cikin labarin, in mayar da keren ɗakin Baba a ɓoye. Wani abokina ya ce in je farautar in yi ta jifa a iska, tsoho ba zai sani ba. Barci ma ya gagare ni. Wallahi Inna ban gina gwarzon nan don raini ba. Na gina shi ne don a cikin wasan hannun Baba na dama yana aiki.

In gaya wa Baba gaskiya ya koma shirun da ya fito daga cikinsa? In ci gaba da rufewa? Yaya zan yi da yayana? Wasan kuma in bar shi ne gaba ɗaya?

Ɗan mafaraucin da bai iya jifa ba, Tambuwal

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya sa kaffara ne.

Wasan nan naku ban san shi ba sai daga bayaninka, kuma in dai ba kuɗi a ciki, ba ya kuma cin lokacin salla, ban ga abin zargi ba. Ba shi ne damuwarka ba, kada ka ɓata ƙarfinka a can.

Ranar da ka yi tambaya ba ka yi ƙarya ba. Da zuciya ɗaya ka tambaya, tsoho kuma ya ji ta yadda gidanku ke jin ta. Shirun da ka yi a gaban jama'a ma ban ga laifinsa ba, ba a kunyata dattijo mara lafiya a tsakar gidansa. Inda ka zame shi ne kai keren wurin wasa, da barin sunan mahaifinka a bakin abokai. Kai ka san ƙauna ce ta sa ka, na kuma yarda da kai. Amma yayanka bai ga zuciyarka ba, tabarma ya gani. Mutumin da ke wanke mahaifinku, ya haɗiye rashin abin da ya sa wa rai tun yana yaro, ya ɗauro maka gero tun daga Fakku, ya iske ana dariya da sunan ubansa. Duk da haka ya rufa maka asiri. Wanda ya tsane ka da tuni ya fasa ƙwan.

Don haka da shi za ka fara, kuma ba ta waya ba, ba ta bakin matarsa ba. Ka same shi a gona, ka kama masa ɗaurin dami, ka ba shi haƙuri kada ka bi shi da "amma". Ba ya buƙatar bayanin maki da ludo. Ka gaya masa abin da ka gaya mini game da hannun dama, shi ne ya fi kowa sanin abin da hannun nan ya rasa.

Shawarwarin abokanka duka biyu ka ajiye su. Mayar da kyautar uba a ɓoye ya fi komai ciwo ranar da ya gano. Jifa a iska kuwa, mutumin da ya tsufa a daji daga yadda ka ɗaga kere zai san ko ka taɓa gwadawa.

Kafin ka je gaban tsoho ka tambayi kanka ko yanzu kana son koyon. Ni wasiƙarka ta nuna mini ɗan da bai zubar da ko kalma ɗaya daga abin da ubansa ya faɗa ba. In haka ne, ka bar yayanka ya zaɓi lokacin da jikin Baba ya yi sauƙi, ku shiga tare. Ka ce masa abin da ya fara kawo ka labari ne da kuke yi da abokai, ka sa mafarauci irinsa a ciki don kana alfahari da shi, amma abin da ka samu a wurinsa ya wuce abin da ka zo nema, yanzu kuma da gaske kake tambaya. Sannan ka nemi izininsa keren ya zauna a hannun Lauwali, shi kuma ya sassaƙa maka naka na koyo. Ba zan yi maka alkawarin ba zai ji zafi ba. Wataƙila ya yi shiru na wani lokaci. Amma daga bakinka ya ji, yana raye, kana durƙushe a gabansa, wannan kuwa ba kowane ɗa ke samun damarsa ba.

Farautar ka je, ko da riƙe kare za ka yi. Daji ba kamar da ba ne, ku tsaya kusa kuma cikin jama'a.

Gwarzonka kada ka kashe shi. Ka canza masa suna, ka bar kirarin Baba ga Baba, kere kuma kada ya sake kusantar tabarmar nan. Maganar makamin da ke dawowa hannu da kansa, ina bayanka da ka ƙi shi. Mahaifinka ya riga ya gaya maka mai jifa ba ya barin kerensa a daji, ba ya kuma aiken kowa. Asabar ɗin nan Gazali ya yi haƙuri, ka hau babur ka tafi Fakku da kanka.

Allah ya daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka, ya kuma nuna wa tsoho fitarku ku biyu daga ƙofar gidansa.

Inna Madina